MANGWARO: ABIN DA KE CIKINSA DA AMFANINSA GA JIKI

Darasinmu na wannan karo a kan mangwaro yake. Kowa ya san shi, kowa yana shansa, amma kaɗan ne suka san abin da Allah ya zuba a cikinsa.

Wata rana na je duba ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye kusa da Tamaske. Da aka tashi, sai wata mata ta ce mini: "Malam, ɗana yana gani sarai da rana. Amma da magariba ta yi, sai ya riƙa tuntuɓe da turmi, yana lalubar ƙwaryar tuwo." Na tambaye ta ko ya yi wani ciwo. Ta ce bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba. Na ce mata ta kai shi likita washegari, kada ta jira ranar kasuwa. Wannan ciwo shi ne dundumi, kuma rashin bitamin A a jiki ne ke kawo shi. Ga shi kuwa a lokacin bazara ne, mangwaro na zuba a ƙasa cikin garake yana ruɓewa.

ABIN DA KE CIKIN MANGWARO

Asalin mangwaro daga wajen ƙasar Indiya ne, kuma har yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi. Masana sun auna tsokar nunannen mangwaro, wato bayan an cire ɓawo da ƙwallo. Ga abin da ake samu a cikin giram 100, ko da yake wani iri ya kan ɗara wani kaɗan:

1. Ruwa: wajen giram 83.
2. Sukari da danginsa: wajen giram 15. Su ne ke ba jiki ƙarfin aiki.
3. Zare-zaren da ke gyara ciki: giram 1 da rabi. Suna hana taurin bayan gida.
4. Abin gina jiki: bai cika giram 1 ba.
5. Mai: bai cika rabin giram ba.
6. Bitamin C: wajen miligiram 36.
7. Karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A.

Mu lura da lamba ta 4 da ta 5. Mangwaro ba ya da abin gina jiki sosai, ba ya kuma da mai. Saboda haka ba zai maye gurbin wake, ko gyaɗa, ko nono, ko nama ba. Yaron da ya wuni yana shan mangwaro, lalle ne ya ci tuwonsa da miya.

BITAMIN A, MAI TSARON IDO

Launin ɗorawa da muke gani a tsokar mangwaro, karotin ne ke ba da shi. In an sha, jiki ya kan mai da karotin bitamin A. Mangwaron da tsokarsa ta fi ja, shi ya fi karotin. Ɗanye kuwa kaɗan gare shi, domin sai yana nuna karotin ke ƙaruwa, tsami na raguwa, zaƙi na zuwa.

Aikin bitamin A uku ne. Yana sa ido ya gani cikin duhu. Yana ƙarfafa fata da hanji da maƙogwaro, su tare ƙwayoyin cuta. Yana kuma taimakon yaro wajen girma.

In ya yi ƙaranci, dundumi ne alama ta fari. Daga nan ido ya bushe, wani farin abu mai kama da kumfar sabulu ya fito a gefen ƙwayar ido. In aka yi sakaci, ƙwayar idon ta yi miki, yaro ya makance har abada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa ta wannan hanya kowace shekara, kuma rabinsu kan rasu kafin shekara ta kewayo. Ƙyanda da zawo su ne suka fi ƙarar da bitamin A a jikin yaro. Mata masu ciki su ma dundumi ya kan kama su.

Mangwaro matsakaici guda, mai tsoka kamar giram 200, yana ba yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 tsakanin rubu'i da sulusin bitamin A da yake bukata a wuni. Wani abin farin ciki shi ne hanta rumbu ce: tana ajiye bitamin A har tsawon watanni. Wanda ya sha mangwaro sosai da bazara, ya yi wa jikinsa tanadi na damina.

Sai dai karotin ba ya shiga jini sosai sai tare da mai. Don haka ya fi kyau a ba yaro mangwaro bayan ya ci abinci mai ɗan man gyaɗa ko man shanu, ko a haɗa masa da ƙuli-ƙuli.

BITAMIN C, ABOKIN JINI

Shi bitamin C hanta ba ta ajiye shi, kullum sai an sabunta. Yana sa miki ya warke da wuri, yana hana dasashi zubar da jini. Giram 100 na mangwaro sun ishi ƙaramin yaro bitamin C na wuni guda.

Yana da wani aiki kuma. A cikin gero da wake akwai sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi. Amma hanji ba ya iya ɗibar da yawa daga cikinsa shi kaɗai. In aka sha mangwaro, ko lemo, ko magarya, ko garin ƴaƴan kuka tare da abinci, bitamin C ya kan taimaki hanji ya ɗibi ƙarfen. Shayi kuwa hanawa yake yi. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta bari sai abinci ya daɗe da wucewa kafin ta sha shayi.

SHIN MANGWARO NA KAWO ZAZZAƁI?

Mutane da yawa suna cewa haka, har suna hana yara sha. Gaskiyar magana, sauro ne ke kawo zazzaɓin cizon sauro, ba mangwaro ba. Ƙarshen mangwaro ya kan zo daidai da farkon ruwa, lokacin da sauro ke yawaita, shi ya sa ake ɗora masa laifi. Zawo kuma daga ƙazanta yake: ƙuda, da ƙura, da hannun da ba a wanke ba. Ga abin da ya kamata:

A wanke hannu da sabulu, a wanke mangwaro da ruwa mai tsabta.
Kada a ba yaro wanda ya fashe a ƙasa ko ya fara ruɓewa.
A wanke ruwan nan mai danƙo da ke fita in an tsinke shi, domin yana ƙona leɓe da fata.
Jariri nonon uwa kaɗai za a ba shi har ya cika wata 6. Daga nan a murje masa tsokar nunanne da cokali mai tsabta.
Mai ciwon sukari ya sha kaɗan, ya kuma nemi shawarar likita.

DARASI DAGA MASU MISHMISH

Alhazanmu sukan ga wani busasshen ɗan itace mai launin ɗorawa a kasuwannin Makka da Madina. Larabawa suna kiransa mishmish, Faransawa kuma abiriko. Shi ma karotin gare shi, har ya fi mangwaro, amma bai kai shi bitamin C ba. A cikin ƙwallonsa akwai ɗiya mai ɗaci wadda ke da guba, ba a ba yara ita. Itacen yana son sanyi mai tsanani, shi ya sa ba ya yi a ƙasarmu. Turkiyya ce ta fi kowa noma shi. Mutanen garin Malatiya a can suna shanya shi, su ci duk shekara, su sayar wa duniya. Maƙwabtanmu na Burkina Faso haka suke yi da mangwaro, har suna kai busasshe Turai. Mu da muka iya kauɗar tumatir da gabun albasa, wannan ba zai gagare mu ba.

YADDA AKE SHANYA MANGWARO

1. A zaɓi nunanne mai ɗan tauri, marar zare da yawa.
2. A wanke, a fere da wuƙa mai tsabta.
3. A yanka falle-falle, kaurin kowane kamar rabin santimita.
4. A jera bisa faifai ko tabarma mai tsabta, a ɗora a kan rumfa, nesa da ƙasa da bisashe.
5. A rufe da ƙyalle marar kauri. Yana tare ƙuda da ƙura, yana kuma rage zafin rana, domin rana tsaka tana lalata karotin.
6. A riƙa juyawa, da dare a shigar ɗaki.
7. In ya yi kamar fata, yana lanƙwasawa ba ya fid da ruwa, ya bushe. A zuba a mazubi mai murfi, a ajiye a inuwa.

Kilo 10 na tsoka suna ba da wajen kilo 2 na busasshe. Shanya tana rage bitamin C ƙwarai, amma karotin mai yawa yana saura.

GA MANOMI

Tun da aka fara aikin raya ƙasa na Keita a 1984, mutanen Adar suka nuna sun iya dasa itace da tsare shi. Haka na kwarin Majiya, wajen Buza, da layukan bedi masu tare iska. Mai garka a fadama, inda ruwa ba ya da nisa, ya dasa mangwaro ko da gindi biyu ne. A bar mita 10 tsakanin gindi da gindi, a zuba taki ruɓaɓɓe a ramin, a yi masa shinge saboda awaki, a shayar da shi da rani har ya kafu. Mai aure ya kan fara ƴaƴa cikin shekara 3 ko 4. Na ƙwallo sai shekara 5 ko fiye. A riƙa tsince waɗanda suka faɗo, a binne su a rami mai zurfin rabin mita, domin a cikinsu ne tsutsar ƙudan mangwaro ke girma.

IN BA LOKACIN MANGWARO BA

Bitamin A yana cikin ganyen zogale, da rama, da alayyafo, da karas, da kabewa, da gwanda, da ƙwai, da man shanu. Hanta ta fi su duka. Tun 1997 Nijar ta fara haɗa rabon ƙwayar bitamin A da ranakun rigakafin shan inna. Ana ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5, sau biyu a shekara: shuɗiya ga wanda bai cika shekara ba, ja ga wanda ya cika. Mu kai ƴaƴanmu su karɓa. Wanda dundumi ya riga ya kama kuwa, mangwaro kaɗai bai ishe shi ba, a gaggauta kai shi likita. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Mene ne ke kawo dundumi?
2. Don me ake son yaro ya ci abinci mai ɗan mai tare da mangwaro?
3. In kilo 10 na tsoka sun ba da kilo 2 na busasshe, kilo nawa za a samu daga kilo 25?
4. Rubuta sunayen abinci biyar masu bitamin A da ake samu a garinku.

A karanta wannan darasi a aji, a kuma karanta wa na gida waɗanda ba su iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.