Bar-ni-da-mugu: me za ku saya a kemis?

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke gasa Dutse da Kiyawa da Jahun, kurajen fuska kan addabi samari da 'yan mata. Maiƙo ne da matacciyar fata ke toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su samu mafaka. Ba ƙazanta ba ce, don haka dirza da soso sai dai ta ƙara fusata su.

Maganin da ya kamata ku ji tsoro shi ne wanda ke aiki cikin kwana 3. Irin man shafawar nan da ake cewa yana maganin komai, a kemis ko a kasuwar Shuwarin, galibi akwai sitiroyid a ciki. Ku juya kwalin. In kun ga clobetasol ko betamethasone, ku ajiye. Da fari fuska za ta yi sumul har ta yi haske, a yi ta yaba mai kemis. Bayan 'yan watanni fata ta yi siriri, kurajen su dawo da 'yan'uwansu, ga tabo baƙi. Man bilicin ma hanyarsu ɗaya.

Abin nema shi ne benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin 100, mai lambar NAFDAC. A wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, a bari ta bushe, a shafa ɗan kaɗan da dare a duk inda kurajen ke fitowa. A fara da tsallake kwana ɗaya, domin yana busar da fata, musamman da hunturu. Yana kuma cinye launin tufafi, a kula da hijabi da rigar matashin kai. Wanda nasa ƙanana ne masu baƙin kai, sabulun ruwa mai salicylic acid kashi 2 ya wadatar. Adapalene yana aiki sosai, amma mai ciki kada ta taɓa shi.

Sai haƙuri: mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji. A daina matsa, a bar lemon tsami da man goge baki, a nisanta basilin da man kitso daga goshi.

In an kai wata 3 ba sauƙi, ko kurajen manya ne masu zafi da barin rami, ko mace na fama da su tare da rikicewar al'ada, a bar kemis haka nan. A je Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu a ga likita.