Daga Kasafi Zuwa Kwangila: Me Ya Sa Famfon Unguwa Ke Mutuwa?



A unguwar da wasunmu suke zaune akwai rijiyar burtsatse mai sola. Ranar da aka buɗe ta har da makaɗa da 'yan rawa. Yau tanki na nan tsaye amma famfo ya bushe. An koma sayen jarka wajen 'yan garuwa, wanda gidansu ba hali kuma sai ya ɗebo ruwa kafin ya taho makaranta, ya makara, ya sha bulala a bakin get. Wannan ne ya sa mu 'yan kulob muka zauna muka bi diddigin yadda kuɗin gwamnati ke zama aiki.

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Jihar Katsina tana da 34, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki. Mafi yawan kuɗinsu daga asusun tarayya yake zuwa duk wata, inda ƙananan hukumomi gaba ɗaya suke samun kashi 20.6 cikin 100. Sauran kuma harajin kasuwa ne da na tasha da makamantansu. Wato wannan ɗan rasit da ake yankar wa mai tumatir ranar kasuwa, shi ma kuɗin ƙaramar hukuma ne. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma tun daga nan ake ta muhawara a rediyo kan yadda za a aiwatar.

Kafin a taɓa kuɗin sai an yi kasafi. Kasafi shi ne lissafin abin da ake sa ran samu a shekara da abin da za a kashe. Ɓangaren ciyaman ne ke tsara shi, kansiloli su duba su amince. Kashi biyu ne: na yau da kullum, kamar albashi da gyare-gyare, da na manyan ayyuka, kamar kwalbati da rumfunan kasuwa da ɗakin shan magani.

Sai kwangila. A 2007 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan jiharmu, ya sa hannu a dokar sayen kaya da ba da kwangilar gwamnati. Ta tarayya ce, amma jiharmu ma tana da tata hukumar mai sa ido a kan kwangila, kuma manufar ɗaya ce. Ba a ba da aikin da babu shi a kasafi. A tallata aikin kowa ya sani. 'Yan kwangila su kawo farashinsu a rufe cikin ambulan, a buɗe a gaban jama'a, a bai wa mai rahusa cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. A lura da wannan kalma ta sharuɗɗa, domin arha ba ta ado. Wanda ya karya farashi don ya ci kwangila, a siminti zai fanshe, damina ɗaya kwalbatin ya rufta.

Amma a ganinmu babbar matsalar ba a nan take ba. Mu ɗauka misali ƙaramar hukuma tana da kuɗin da zai haƙa rijiya goma. Idan ta haƙa goman, hoto zai yi kyau, kowace mazaɓa ta yi murna. To ranar da injin tura ruwa ya ƙone fa? Babu ko sisi da aka ajiye. Da takwas ta haƙa, ta ware kuɗin biyun don gyara da biyan mai gadi da koya wa matasan unguwa gyaran sola, da bayan shekara biyar ana shan ruwa. Wannan shi ake kira kasafi mai ɗorewa. Ba shi da farin jini, don ba a kiran makaɗa ranar da aka canza wa famfo roba.

Mu 'yan Dutsin-Ma ba sai an ba mu labari ba. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin tace ruwan da tura shi garuruwa. Shekara 38 ke nan! Zobe ba aikin ƙaramar hukuma ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne: an gina, ba a tanadi abin da zai biyo baya ba.

Wani zai ce mu yara ne, ko katin zaɓe ba mu da shi. Gaskiya ne, amma mun iya karatu. Ayyuka da yawa ana kafa musu allo mai ɗauke da sunan aikin da hukumar da ta bayar da kamfanin da ya karɓa. Don haka duk wanda ke wucewa ta gaban irin wannan allo, ko daga cikin gari yake ko daga hanyar Kurfi, ya kwafo mana abin da ke jiki, ya rubuta ko aikin yana amfani ko ya tsaya, ya miƙa wa sakataren kulob kafin ranar Juma'a. Za mu nuna wa malaminmu, sannan mu liƙa a nan.