Ɗa Mashayi da Haƙƙin Sauran 'Ya'ya

Ya 'yan'uwa Musulmi, idan ɗa guda ya faɗa shaye-shaye, uwa takan sayar da sarƙarta ta biya masa bashi, uba ya yi ta belinsa a ɓoye. Sauran 'ya'ya masu ciyar da gidan sai su ga guminsu yana ƙarewa gun mai sayar da ƙwaya, har wani ya ɗauke ƙafa daga gidan mahaifansa.

Ku iyaye, ku tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir cikin Buhari da Muslim: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ƙi shaidar kyautar da aka keɓe wa ɗa guda, ya yi umurni da adalci tsakanin 'ya'ya. Biyan kuɗin asibiti taimako ne, amma damƙa wa mashayi kuɗi taya shi saɓo ne.

Ku kuma 'yan'uwansa, Buhari ya ruwaito cewa an sha yi wa wani Sahabi haddi saboda giya, amma Annabi ya hana a la'ance shi. Laifin ƙanenka bai sauke maka haƙƙin mahaifanka ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya shirye mu, amin.