Babu bene, amma keke ya kasa shiga

Duk wanda ya zo in zana masa gida saboda mahaifiyarsa da ɓarin jikinta ya shanye, ko ɗansa da hatsarin mota ya zaunar a keke, maganarsa ta farko ɗaya ce: "Injiniya, ba na son bene." A ganinsa magana ta ƙare. Sai in ce ya ƙirga mini hawa da saukar da ke gidan da yake ciki yanzu, wanda shi ma ba bene ba ne. Kwata a ƙofar gida, taki biyu ko uku zuwa zaure, dokin ƙofa kafin tsakar gida, dandamalin baranda, wani dokin ƙofar a bakin ɗaki, ga na banɗaki. Mai ƙafa bai san da zamansu ba. Mai keke kuwa, kowanne sai an kira masa mutum.

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara hanyoyinsu. Gidan da mutum ya gina wa iyalinsa kuwa, tsakaninsa ne da mai zane da birkila.

Rigimar tana farawa ne daga tsayin daɓe. Muna ɗaga gida saboda ruwan damina, kuma da gaskiyarmu, musamman a unguwannin da titi ke ƙara tudu duk lokacin da aka zuba masa ƙasa. Sai dai gangarar da mutum zai iya hawa da ƙarfin hannunsa tana da lissafi: kowane inci 1 na tsayi yana cin ƙafa 1 ta tsawo. Ka ɗaga daɓe da bulo uku, inci 27 ke nan, sai ka nemo ƙafa 27 ta gangara, ban da shimfiɗaɗɗen wuri na ƙafa 5 a sama da ƙasa inda keke zai tsaya a buɗe ƙofa. A fili mai ƙafa 50, fiye da rabi ya tafi. Shi ya sa nake raba hawan: a cike harabar ta riƙa tashi sannu a hankali tun daga get, abin da ya rage a baranda bai wuce inci 6 ba, gangarar kuma ta bi jikin bango da ƙarfen riƙo. Kada a yaudari kai da tudun simintin da ake yi wa mota da babur a bakin get. Wannan inji ne ke hawansa. Mai keke in ya gwada, da baya zai kifa.

Dokin ƙofa aikinsa tare ruwa. Aikin nake ba wa wani abu daban: siririyar hanyar ruwa a bakin ƙofa mai murfin ƙarfe daidai da daɓe, baranda kuma ta ɗan karkata waje. Ramukan murfin su zama ƙanana, don ƙananan tayoyin gaba kada su faɗa.

Ƙofa kowacce ƙafa 3, har da ta banɗaki da ta kicin, waɗanda magina suka saba matsewa zuwa ƙafa 2 da rabi ko ƙasa da haka. Keken asibiti faɗinsa ya ɗan wuce ƙafa 2, ga hannayen mai shi a kan taya. Lungu ƙafa 4. Inda duk za a juya, da'irar ƙafa 5 babu komai a cikinta, kuma bayan an sa kaya ake auna ta. Na sha ganin ɗakin da ya wadata a takarda, gado da sif da madubi na kayan ɗaki suka shigo, keke ya tsaya a bakin ƙofa. Ga kuma waɗanda shan inna ya taɓa. An ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a 2020, amma waɗanda ta kama suna nan, sun girma, suna aure suna gini. Da yawa daga cikinsu keke mai ƙafa uku suke hawa, wanda ya fi na asibiti tsawo, ba ya juyawa a ɗaki. Shi zaure ne masaukinsa, don haka a faɗaɗa zauren.

Banɗaki ne inda na fi taurin kai, domin nan sutura take. Dattijuwar da ta yarda a ɗauke ta a sa a mota ba ta jure a ɗauke ta zuwa bayi. Wasu har rage cin abinci da shan ruwa suke yi don kada su dami kowa, iyali kuma su ɗauka ciwon ne. Don haka banɗakin ya kasance cikin ɗakinta, kamar ƙafa 7 da ƙafa 8, daɓensa ɗaya da na ɗakin, ya karkata zuwa magudana a kusurwa mai nisa. Ƙofar ta buɗe waje, saboda in mutum ya faɗi a ciki jikinsa ne zai tokare ta. Masai na zama, tsayinsa kamar inci 18, daidai da mazaunin keke, da filin ƙafa 3 a gefe ɗaya inda za a jera keken a zame. Ƙarfen riƙo kuma ba a jikin bulo mai rami ake ɗaure shi ba. A cika wurin da kankare tun ana gini, domin nauyin mutum gaba ɗaya zai ɗauka. A sa benci da famfo mai tiyo, wanka da alwala duk a zaune. Tayil mai sheƙi a bar wa bango.

Makunnin wuta kada ya wuce ƙafa 4 daga ƙasa, soket ya tashi inci 18, taga ta sauko yadda na zaune zai ga waje.

Inda za a sa ɗakin ma shawara ce. Sau da yawa akan nuna mini can ƙurya a ce, "Nan ya fi shiru, za ta huta." Ba na yarda da sauri. Rayuwar gidanmu a tsakar gida take: girki, hira, kitso, yara, baƙin da suka shigo gaisuwa. Ɗakin ya fuskanci nan, da baranda mai inuwa. In matar gida ce ke kan keken, kicin ɗinta ya samu teburi mai tsayin ƙafa 2 da rabi, ƙarƙashinsa a buɗe don gwiwa ta shiga. In maigida ne, hanyarsa zuwa falon baƙi da ƙofar fita masallaci kada ta ratsa ta cikin mata.

Ranar da za a ja igiya a fitar da layin gini, kafin a sa diga, nakan roƙi a zo da mai keken. A zuba toka a kan layin bango da ƙofofi, ya bi daga get zuwa gadonsa, daga gado zuwa banɗaki, ya juya ya dawo. Inda taya ta taka toka, nan za a matsar da turke. A zo da mai tura shi ma, domin mai turawa yana ƙara kusan ƙafa 2 a bayan keken, kuma a kwana ake gane haka.