Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Rex Whistler?

Wata mai sauraronmu daga Damagaram ta aiko da tambaya kan mai zanen littattafan yara ɗan Ingila da aka kashe a Yaƙin Duniya na Biyu. Malama, sunansa Rex Whistler, an haife shi a 1905 a Eltham, kusa da Landan. Ya shiga soja a 1940, ya zama jami'in tankokin yaƙi, kuma harsashin igwa ya kashe shi a Normandi ta Faransa ranar 18 ga Yuli 1944, ranarsa ta farko a fagen daga, yana da shekara 39.

Wasu za su ce ai shi mai zanen bango ne, tun da zanen ɗakin cin abinci na gidan adana zane na Tate a 1927 ne ya fito da sunansa. Gaskiya ne, amma bango ba ya zuwa hannun yaro. Zanen da ya yi wa tatsuniyoyin Hans Andersen a 1935 shi ya shiga gidaje, haka nan fuskokinsa masu ban dariya, waɗanda in ka juya littafin sama ta koma ƙasa, sai wata fuska dabam ta bayyana. Zanen bangon ma yau ana sukarsa, da hujja, saboda hoton yaro baƙar fata da aka ɗaure kamar bawa. Littafin fuskokin nan sai a 1946 ya fito, da baitocin ƙanensa Laurence.