Mara Lafiyan da Bai San Ciwonsa Ba

'Yan'uwa, idan zazzaɓi ya kama mutum, da ƙafarsa yakan nemi magani. Amma akwai wani taɓin hankali wanda yakan ɓuya ga mai shi. Likitoci suna ce da shi sikizofireniya, sunan da likita Eugen Bleuler na Suwizalan ya ba shi a 1908. Yawanci yakan soma a lokacin samartaka. Saurayi ko budurwa ya janye jiki daga mutane, barci ya ƙi, yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko kuwa ya tabbata ana ƙulla masa mugunta.

In muka ce masa ba shi da lafiya, sai ya musanta. Kada mu ɗauka taurin kai ne, gama ciwon kansa ne yake rufe masa ido.

A 1990 likita Anthony David na Ingila ya nuna ganewar tana da kashi uku: mutum ya yarda yana ciwo, ya gane muryoyin daga ciwon suke, ya kuma karɓi magani. Wani yakan sami ɗaya kafin sauran.

Maganin asibiti, wanda aka soma ba masu wannan ciwo a Faransa a 1952, yana rage muryoyi da tsoro. Tare da shi akwai jiyya ta hanyar zance. Mai jiyya ba ya gardama. Yakan saurara, ya tambaya a hankali, su auna tunanin tare, har mara lafiya ya soma shakkar abin da yake tsoro. Akan kuma koyar da iyalin, gama inda faɗa da zargi suka ragu, ciwon bai cika komowa ba. Tun 1954 likita Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai lura da shi.

Amma mu kula. Sa'ad da mutum ya gane ciwonsa, baƙin ciki mai nauyi yakan biyo baya, har wani ya yi tunanin kashe kansa. In mun ji irin wannan magana, mu gaya wa likita a ranar.

Saboda haka mu kai shi asibiti da wuri. Kada a ɗaure shi ko a doke shi. Kada mu hana shi magani da sunan bangaskiya. Mu yi addu'a tare da shi, mu bar masa wurin zamansa cikin ikilisiya. Ubangiji ya ba mu haƙuri.