Gigin tsufa: aiki guda ake koyarwa

Kai mai karatu, ƙila gidanku akwai tsohon da ke tambayar abu guda sau biyar, ko ya hita ya kasa gane hanyar gida. Ba gangan yake yi ba. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, gigin tsufa. Ba shi warkewa, amma tun yana sabo ana iya taimako.

Tambaye shi aikin da yake so ya riƙe, guda ɗaya tak. A Birtaniya an gwada wannan dabara ga mutum 475, sakamakon ya hito a 2019: mantuwa ba ta tahi ba, amma aikin da aka koya musu ya gyaru.

A ce Baba na son zuwa kasuwar Maraɗi ran Litinin. Ga amfanin karatunka: rubuta sunanshi da unguwarku da lambar waya a takarda. Ajiye ta cikin hularshi, kullum wuri guda. Tambaye shi: "Baba, ina takarda?" Sake tambaya bayan minti 2, sannan 5, sannan 10. In ya yi jim, gaya mishi; kar ka bari ya yi ta lalube.

Amma tahiyar Tibiri ko Jiratawa, a haɗa shi da jika.